Jakin da Rissa ya bari a Ollelewa

Duk wanda ya san Ollelewa ya san gidan Sabi'u na bayan kasuwa. Manomi ne kamar kowa, gonarsa ba ta fi ta wani ba, amma tun yana saurayi mutane suka gane cewa abin da aka ba shi ajiya ko ciwon kai ba ya yi. Makiyaya masu wucewa arewa da damina su bar masa buhun gero, turmi, sirdin raƙumi, su dawo da kaka su tarar da ƙullin igiya yadda suka yi shi. Matarsa Rahamatu tana alfahari da wannan suna, har shekarar da Rissa ya kawo jaki.

Rissa Buzu ne mai raƙuma da awaki, gidan Sabi'u ne masaukinsa in ya zo cin kasuwa. Jakin ɗan matashi ne, ƙaya ta shige masa kofato, ya kasa bin garke. Rissa ya ɗaure shi gindin aduwa ya ce, "Ga shi nan hannunka, aboki." Ya sha shayi ya tafi.

Cikin sati uku ƙafa ta warke. Rissa bai dawo ba. Fari ya kora su yamma, wajen Belbeji aka ce, lambar wayarsa kuma ta daina shiga.

Rijiyar unguwar tana da nisa, ga zurfi. Matan da ke da jakuna su ɗora jarka huɗu sawu ɗaya su gama. Rahamatu kuwa a ka take ɗauka, sawu huɗu kullum.

"Malam, jakin nan fa ya warke," ta ce da mijinta wata safiya.

"Alhamdu lillahi."

"Jarka biyu kawai zai ɗauko mini."

"Amana ce, Rahamatu. In ya karye a hanya, da wane baki zan gaya wa mai shi?"

"To ni fa? Ran da aka kawo ni daga Gangara ba amana aka ce an ba ka ba?"

Sabi'u ya daɗe yana sosa gemu. "Ke kina da bakin da za ki ce kin gaji. Shi ba shi da."

"Ai ga shi na ce!"

Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Ta kai magana wajen liman. Liman ya ce babu laifi a mori dabbar ajiya in mai ita ya yarda. Sabi'u ya ce yauwa, abin da yake faɗa ke nan, ba a tambayi mai ita ba. Ta ce ai Rissa ya yarda da shi, shi ya sa ya bar masa. Ya ce yarda da mutum daban, izini daban. Haka aka ci shekara uku. Jaki ya yi ƙiba, bayansa sumul ba tabon kaya ko ɗaya, kuma cikin sawu huɗun nan ɗaya nasa ne. Wannan ɗayan shi ne ya fi ci mata rai. A bakin rijiya maƙwabciyarta Raishatu ba ta fashi: "Rahamatu, yaya mai martaba ya kwana? An kai masa ruwan wanka?"

A shekara ta uku wuyanta ya riƙe. A likita aka ce ta bar ɗaukar kaya a ka, ta yi dariyar da ta sa ma'aikacin ya ɗago ya dube ta. Satin nan labari ya zo cewa su Rissa sun sauka wata rijiya, tafiyar rabin wuni. Ta kwance jakin da hannunta.

"Malam, ko dai mu mayar da shi yau, ko ni ka mayar da ni Gangara. Zaɓi."

Suka tafi a ƙafa su uku. Sabi'u na gaba da ƙunshin harawar jaki a kafaɗa, kada ya ji yunwa a hanya.

Rissa ya rungumi abokinsa, sannan ya zagaye jakin, ya shafa bayansa, fuskarsa ta sauya.

"Me yake ɗauka a gidanka?"

"Ko tsinke," in ji Sabi'u, yana murmushi.

"Shekara uku? La ilaha illallahu! Aboki, ka kashe mini jaki! Mu in mun bar maka dabba, aikinta naka ne, shi ne ladan kiwo. Sai na faɗa maka? In na ba ka nono sai na ce ka sha?"

Ya ɗora masa salkar ruwa don gwaji. Jaki ya yi tsalle ɗaya ya watsar da ita, ya koma gefe yana cin harawa.

Fadimata, matar Rissa, tana zaune a gefe. Wuyan Rahamatu take kallo, yadda take juyowa da jikinta duka in za ta dubi mutum. Ta tashi ta kwanto wani tsohon jaki toka-toka mai guntun kunne, ta sa mata igiyar a hannu.

"Wannan ya san rijiya fiye da ni, 'yar'uwa. Ki tafi da shi. Wancan ragon a bar mana shi mu koya masa."

Sabi'u ya gyara tsayuwa. "To Rissa, don a yi komai a fili, shi wannan ajiya ne, ko aro, ko kuwa..."

Rahamatu ba ta tsaya jin amsa ba. Ta taka wani kututture ta haye, ta buga masa dunduniya, ya kama hanyar Ollelewa.