Tsohon Takoma Park da Kwalayensa

A shekarun da na yi ina aikin kula da tsofaffi, akwai wani Bature a Takoma Park da nake zuwa wurinsa kullum da safe. Daga Hyattsville nake tasowa, gajiyar jiya ba ta sake ni ba. In yi masa wanka, in soya ƙwai, in ba shi magani.

Gidansa cike yake da kwalaye. Wata rana ina shara gindin ɗaya ya yage, ƙananan littattafan zane suka zube, takardarsu ta yi ja don tsufa. Na buɗe guda, na yi maza na kife. Ga ɗan sanda da kan alade, ga mutane tsirara haihuwar uwarsu.

"Baba, wa ya yi wannan rashin kunya?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni ne."

Ya ce a ƙuruciyarsa manyan kamfanoni ba sa buga zane sai na jarumai masu tashi sama, ba zagi ba siyasa, alhali ana kwasar abokansa zuwa yaƙi. Sai shi da wasu matasa suka riƙa zana abin da ke cin ransu, su buga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a sayar a ɓoye bayan kanta. Har kama mai shagon da ke karɓar nasa an taɓa yi.

Na ce, "Yanzu fa?"

"Yanzu a jami'a ake koyar da aikinmu. Matasa su zo su ce mu muka buɗe musu hanya, har suna zana jinyar iyayensu da hijirar kakanninsu. Su ɗauki hoto su tafi. Yaƙi kuwa ba a daina ba."

Na tattara littattafan. Bayana na ciwo, ga wata tsohuwa tana jirana a Springfield.

Hannunsa rawa yake yi, ko cokali sai na tallafa masa. Ran nan na zauna in huta, barci ya sace ni. Ina farkawa ya miƙo min takarda. Ni ce ya zana, baki buɗe, ɗankwali ya zame, ƙafafu sun kumbura kamar doya. Layukan duk a karkace, amma bai rage komai ba. Raina ya ɓaci. Na daɗe ina kallon ƙafafun nan.

Da sanyi ya shigo ɗansa ya zo ya kai shi gidan tsofaffi. Wata ɗalibar jami'a ta zaɓi abin da za ta iya ɗauka daga kwalayen, saura ni na ja su bakin titi ranar da motar shara ke zuwa. Na goge ƙasa, na miƙa wa ɗan nasa mukulli. Ranar Litinin kamfanin da nake wa aiki ya tura ni wani gidan.