Hagun da Amankwa Ya Ƙi

Opanin Amankwa, wato Dattijo Amankwa, kafinta ne a Sokoban, a gefen Kumasi, inda mutum ke wuni yana shaƙar garin katako. Ƙofofi yake yi da akwatunan gawa. Aikinsa ba laifi: ƙofarsa tana rufuwa, akwatinsa bai taɓa ɓallewa a hanyar maƙabarta ba. Amma ba da wannan aka san shi ba. Da maganar hannu aka san shi.

Kowa a ƙasar Asante ya san ba a miƙa wa mutum abu da hagu. In dole ta sa, sai ka ce "a gafarce ni, hagu ce," a wuce wurin. Amankwa ya ɗauki wannan ɗan ladabi ya mai da shi sana'a ta biyu. Ya taɓa mayar da kwanon sakwara da miyar kwakwa, yana jin yunwa, don mai abincin ta turo da hagu. Ya taɓa sauka daga mota a tsakiyar hanya don yaron mota ya nuna masa wurin zama da hagu. A coci ma ba wa'azi yake saurare ba, hannayen mutane yake kallo.

'Yar ƙanwarsa, Konadu, a gidansa ta tashi, kamar yadda 'ya'yan 'yar'uwa kan tashi a hannun kawu. Allah ya yi ta bahaguwa. Tana ƙarama yakan ɗaure mata hannun a baya da tsumma lokacin cin abinci, ya zauna yana gadi. Ta koyi ci da dama, ta ci gaba da yin komai da hagu. Yanzu ta haura arba'in, tana da rumfarta ta fentin kujeru, damtsenta na hagu kamar taɓarya. Duk da haka ba ta taɓa wuce shagonsa ba sai ta tsaya ta ce, "Wofa, ina kwana," wato kawu.

Abu ɗaya Amankwa yake so a duniya, shugabancin ƙungiyar kafintocin layinsu. Ba don aikin ba. Shugaba shi ke zama a kujerar gaba a wurin jana'iza, a kira sunansa a lasifika, masu gaisuwa su bi layi su miƙa masa hannu. Ya daɗe yana kallon kujerar nan daga layi na biyu. Da tsohon shugaban ya sauka, sai Amankwa ya tsaya takara. Wani Bonsu ma ya tsaya, mai injin goge katako, wanda ke dariya da kowa har da waɗanda ba ya so. Aka fara cewa Amankwa ya cika tauri, bai san sunayen matasa ba sai laifinsu.

A damanar nan wani kamfanin lemo ya shirya tseren laka a wata tsohuwar gonar koko a hanyar tafki. Ƙungiya ƙungiya ake shiga, mutum biyar biyar, a yi rarrafe ƙarƙashin waya, a tsallake tayoyi, a faɗa rami, a haura bango. Dokar ita ce ƙungiya ba ta gama ba sai na ƙarshenta ya ƙetare. Konadu da wasu kafintoci uku suka haɗa tasu, saura mutum ɗaya. Bonsu ya ce gwiwarsa ba ta yarda ba, amma zai kawo musu ruwan sanyi. Amankwa ya ji haka ya ce a rubuta shi.

Konadu ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wofa, laka ce fa. Ba zaman makoki ba ne."

Ya ce, "Na ɗauko gungume daga daji tun ba a haife ki ba."

"A mota ka ɗauko."

"Rubuta sunana. Da dama."

Ranar tseren ya zo da farar singileti da farin takalmin roba sabo fil. A jakarsa akwai gwangwanin farar hoda, wadda ake zuba wa mutum a ka idan ya yi nasara. Shi ya sayo wa kansa, kada a manta.

Filin ya cika da mutanen ofis daga cikin gari, sun biya kuɗinsu don su yi birgima a cikin abin da manomi ke addu'ar rabuwa da shi. Wani mai lasifika yana ta ihu a kansu, su kuma suna tsalle suna ɗaukar kansu hoto. Amankwa ya tsaya a gefe, hannu a baya, kamar ya zo duba aikin da ya bayar.

Aka busa usur. A yi masa adalci, ya yi gudu. Ya bi tayoyin yana huci kamar tsohon injin niƙa. A ƙarƙashin waya ya ƙi kwantar da kai ƙasa yadda ya kamata, wayar ta karɓi rabonta a bayan wandonsa. Rami ya haɗiye takalmi ɗaya. A kowane wuri sauran huɗun sai sun tsaya jiransa, shi kuma in ya iso sai ya ce musu su rage gaggawa.

Sai bango. Na katako ne, ya fi tsayin mutum da hannunsa a miƙe, laka ta mai da shi kamar an shafa kuɓewa. Amankwa ya fara tsayawa ya ƙwanƙwasa shi ya ce wanda ya buga ƙusoshin nan ba kafinta ba ne. Ɗaya daga cikin abokan tserensa ya riga ya ƙetare. Konadu ta hau ta zauna a kan bangon kamar mai hawan jaki, ta rungume gungumen da ke gefe da hannun dama. Sauran biyun suka durƙusa cikin laka, Amankwa ya taka kafaɗunsu, suka miƙe da shi. Konadu ta sunkuyo ta miƙo masa hannunta mai ƙarfi.

Ya dubi hannun. Ya ce, "Wannan wane hannu ne?"

"Wofa, kama."

"Tambayarki na yi."

"A gafarce ni, hagu ce. Na faɗa. To kama."

"A gaban jama'a? Ni da na raine ki?"

Daga ƙasa wani ya ce, "Opanin, kafaɗa ce fa kake kai, ba bencin coci ba."

Ɗayan ya ce, "Ka kama ko da ƙafa ta miƙo maka, Baba, wuyana zai karye."

Wata ƙungiyar matan banki ta zo ta haura ta gefensu, wannan ta ja wannan da duk hannun da ya samu. Ta ƙarshen ta waiwayo ta ce, "Baba, mota kake jira?"

Amankwa bai kula ta ba. Ya naɗe hannayensa a ƙirji, a tsaye kan kafaɗun mutane, laka tana ɗiga daga yagaggen wandonsa, ya ce a gyara.

Konadu ta dubi mutanen da ke ƙarƙashinsa. Sannan ta saki gungumen, ta murɗa jikinta, ta miƙo dama, hannun da bai iya komai ba sai kai loma baki. Amankwa ya gyaɗa kai kamar alƙalin da aka bi hukuncinsa, ya kama da hannu biyu, ya sake mata nauyinsa duka. Ba abin da ke riƙe da ita. Ta taho, shi ya tafi, na ƙasa suka watse, aka taru a cikin laka gaba ɗaya.

Da aka ɗago ta, wuyan hannunta na dama ya juya inda ba a nufa ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tofar da laka ta ce, "Ga damar nan, Wofa. Ka samu."

Aka tafi da ita wurin mai ɗori, aka cire ƙungiyarsu daga tseren. Bonsu ya raba ruwan sanyinsa yana jajantawa, fuskarsa kamar ranar biki. Wani kuma ya ɗauki abin duka a waya, kafin yamma babu rumfar da ba a kalla ba a Sokoban.

Sati na zagayowa aka yi zaɓe a babbar rumfar ƙungiya. Da ɗaga hannu ake yi, haka aka saba. Agya Tufuo, tsohon mai zarto da kowa ke jin maganarsa, shi ya tsaya a gaba. Ya ce masu son Amankwa su ɗaga.

Konadu tana zaune kusa da kawunta, damarta a rataye a wuya da ɗankwali. Kawunta ne, komai ya yi. Ta ɗaga wanda ya rage mata.

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya ɗaga hagunsa shi ma. Na kusa da shi ya bi. Kafin a ankara rumfar ta cika da hagu, ana dariya ana kaɗa yatsu. Tsokana ce, amma hannu hannu ne, kuma sun fi rabin rumfar nesa ba kusa ba. Dariyar Bonsu ta tsaya, karo na farko da aka ga haka. Agya Tufuo ya ɗaga yatsa zai fara ƙirga.

Konadu ta ce a hankali, "Wofa, yi shiru. Yau kaɗai, don Allah."

Amankwa ya miƙe, ya gyara mayafinsa a kafaɗa. Ya ce, "Ba a zaɓe na da hagu. A sauke, a ɗaga na mutunci."

Agya Tufuo ya ce, "Opanin, ka duba rumfar nan da kyau."

"Na duba. Shi ya sa na ce a sauke."

Aka sauke. Agya Tufuo ya sake kira. Hannun Amankwa ya tashi, da na wasu tsofaffi da ba su ji abin da ake ciki ba. Konadu ta dubi ɗankwalin da ke wuyanta, ta zauna yadda take. Da aka kira Bonsu, sauran suka ɗaga dama, tsaf, yadda Amankwa ya koya musu.

Hannun Konadu ya warke, ko da yake yana yi mata tsami in hadari ya haɗu. Tana gaishe shi kullum da safe. Hodar kuwa matarsa ta ƙarar da ita a bayan jikoki lokacin zafi. Amankwa yana nan yana ƙofofinsa, a wurin jana'iza yana layi na biyu, yana kallon ƙeyar Bonsu. In baƙo ya zauna a shagonsa, yakan ba shi labarin, ya ce shi ne mutumin da aka ba kujera ya ƙi karɓa. Ba wanda ke musa masa, don haka ɗin aka yi.