Tafkin Sai-Ka-Gani

Sai-Ka-Gani ake ce masa, direban bas ɗin da ke kai masu yawon buɗe ido gandun duwatsu na gwamnati. Daga bakinsa sunan ya fito. Yana tada mota yake tada surutu: wai a ƙololuwa akwai tafki shuɗi, da wani dutse mai kama da tsohuwa tana tsefe kai. "Kai dai sai ka gani!"

Gogan naka kuwa bai taɓa gani ba. Da ya sauke fasinja a bakin ƙofa sai ya kwantar da kujera, ya kifa hula a fuska, ya yi ta sharar barci har su sauko. Tumbinsa ne kaɗai tudun da ya sani.

Ana nan sai likita ya ce idon matarsa ya kama hanyar rufewa.

"Maigida, ka kai ni in ga tafkin nan tun ina iyawa," in ji ta.

Ya ce gwiwa, ya ce macizai. Ta ɗauko takalmansa ta dire masa a gaba.

Hawan dai ba a cewa komai. Yana haki yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro wahala ya sa mata suna shaƙatawa, ita kuma tana riƙe da bayan rigarsa. Wani tsoho mai sanda ya wuce su, har da yi masa sannu. Amma abin da za su tarar a saman ya fi hawan ba shi tsoro.

Suka isa. Ba tafki, ba dalilinsa. Benci ne mai ƙafa uku, sai wani biri yana lasar leda.

Ta ƙura ido, ta daɗe. "Fari-fari kawai nake gani. Faɗa mini."

Tausayinta ya kama shi. Ya dubi birin, ya gyara murya, ya shimfiɗa mata tafki da baki, har da agwagi.

"Shekara da shekaru ina goge maka takalma," ta ce, "ban taɓa ganin taɓo a jikinsu ba."

Ya katse labarin, ya dubi takalmansa.

"Wa ya ce ka tsaya? Tsohuwar fa, ta gama tsefewar?"

"Ba ta gama ba," ya ce. "Ke dai sai kin..."

Ya haɗiye sauran, ya kama hannunta.