Famfon da Baba Ya Hana a Rufe

A gidanmu na Tudun Wada ba a rufe famfo. Dokar Baba ce, kuma duk layinmu haka ake yi: a bar kan famfo a buɗe, a kafa masa bokiti, domin ranar da ruwa ya ga damar zuwa a jiyo tarinsa tun daga ɗaki. Namu ya yi shekara da shekaru ko tarin bai yi ba. Har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma da famfon nan yake auna gwamnatoci. In ka tambaye shi tarihin ƙasa, ba zai kama sunan kowa ba. Zai ce akwai waɗanda suka jawo bututu daga Chanchaga, ruwa na zuwa safe da yamma. Da masu kaki suka hau, ya koma Juma'a-Juma'a. Da farar hula suka dawo, suka tone titi, suka binne sabon bututu mai faɗi, aka yi taro aka yi tafi, daga nan na Juma'ar ma ya ɗauke. Duk da haka Baba bai taɓa fashin zaɓe ba, kuma kowane karo sai ya ce wannan ne za su gyara.

Inna kuwa rijiya take so. Ita ke tsayawa ƙofar gida tana tare 'yan garuwa, ranar da ba su biyo ba ita ke ɗauko jarka daga burtsatsen masallaci, ga bayanta ya fara ciwo. Duk sanda ta tayar da maganar sai Baba ya ce, "In na haƙa rijiya, na gaya wa gwamnati na yafe mata ke nan. Ni kuwa ban yafe ba." Maganar na ba ni dariya, amma raina kan ɓaci in na ga Inna sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, muka kulle gida muka tafi suna Limawa gaba ɗayanmu. Muna tsakiyar cin abinci sai ga maƙwabciyarmu, wata malamar asibiti 'yar kudancin Kaduna, da zaninta a jiƙe. Ta kama hannun Inna ta ce, "Mama, ka taso maza. Ruwa ya zo, yana fita ta ƙofar gidanka."

Muka tarar bokiti ya daɗe da tumbatsa. Ruwa ya malale tsakar gida ya faɗa ɗakin Baba, katifa ta sha ta ƙoshi, takalma na yawo, garin tuwon Inna ya zama kunu. Na nufi famfo zan rufe, Baba ya riƙe ni. Yana tsaye cikin ruwa har idon sawu da babbar rigarsa, fuskar nan kamar an ba shi kujerar Makka.

"Bar shi tukuna," in ji shi. "Ba na gaya muku ba?"

Inna kuwa ta jawo jarkokinta ta shiga tara, don ta san halin baƙon. A jarka ta huɗu ta sunkuya, bayanta ya riƙe, ta kasa ɗagowa. Baba ne ya tallafe ta zuwa ɗaki, kuma kafin ya fito ruwan ya ɗauke.

Washegari da ƙafarsa ya je ya kira masu haƙar rijiya. Sharaɗi ɗaya ya kafa musu: su haƙa can bayan ɗakin girki, kada famfon ya gani ya ɗauka an fid da rai da shi.

Ruwan bai sake zuwa ba har Baba ya rasu. Bayan an watse zaman makoki, ina sharar tsakar gida, na murɗe famfon na rufe, na ɗauke bokitin. Inna na kallona daga tabarma. Ta dafa bango ta miƙe, ta zo ta buɗe shi, ta mayar da bokitin inda yake.

"Babanki bai ce ya yafe ba," ta ce.