Jar Saniyar Aro

Mahaifina ya sayar da shanu ba kaɗan ba don kada in yi kiwo. Duk lokacin komawa lakkwal, wato makarantar boko, sai wata ta bi hanyar kasuwar Bangi, ba ta dawowa. Ya ce shi ya ga abin da fari ke yi wa garke, ɗansa ba zai tsufa yana bin bayan dabba ba.

Burinsa ya cika. Na samu aiki a ɗakin ajiya na asibitin mishan, ina jera kwalayen magani ƙarƙashin fanka. Mutanen kirki ne, shugabana ma, wani dattijo Kirista, ɗansa yake kirana. Amma Allah ya sani jikina kawai ke wurin. Garke na ratsawa bayan katanga sai in saki abin da nake yi in leƙa, ina cewa a raina waccan na da ciki, waccan kuma ƙafa ke damunta. Matan wurin suka sa ni gaba, wai a ɗaura mini aure da karsana kowa ya huta. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Ranar da na ajiye aikin dattijon ya yi mini addu'a irin tasu, na ce amin, na hau mota sai gida.

A wurinmu ɗa ba ya aron saniya hannun ubansa, ba shi ake yi kyauta. Aro, wanda muke kira habbanaye, na aboki ne ko baƙon da ya rasa dabba: ya riƙe saniya har ta haihu uku, ƴaƴan nasa, uwar ya mayar wa mai ita. To da na faɗa wa Baba abin da na yi bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya kwanto wata jar karsana ya miƙo mini igiya. Tun ina yaro Fulatanci yake yi mini. Ran nan Hausa ya yi, irin wadda yake yi da dillalai.

"Ga ta. Habbanaye ta. In ta haihu ukku ka maido min abata."

Na ce, "Baba, yau ni az zama baƙo?"

Ya ce, "Ɗana na biro, wajen aikin asibiti. Kai makiyayi na, kuma haka a ka yi ma makiyayi."

Maganar ta ƙona ni ƙwarai. Na ja karsana na koma wajen Tama, ina kiwon shanun masu garka a kwari. Aikin kam ina son sa har gobe. Rana ta gasa ni, ƙaya ta tsattsaga ƙafafuna, amma ban taɓa kewar fanka ba. Kewar Baba kawai nake yi.

Al'ada ce in saniyar aro ta haihu ka je ka shaida wa mai ita. Haihuwar fari na je da ƙwaryar nono. Bai tambayi lafiyata ba, ta saniya ya tambaya: ina nake shayar da ita, wace ciyawa take ci, tana lasar kanwa? Muka kai la'asar a kan haka. A ta biyu ya ji na ce ina tatsarta kafin maraƙi ya ƙoshi, faɗa ya suɓuce masa da Fulatanci. Da ya farga sai ya kau da kai. Ni kuwa da murna na koma Tama, kamar wanda aka yi wa kyautar sa.

Na sa rai a ta uku. Na ce ranar da zan mayar da ita aro ya ƙare, dole ya faɗi ko ni wane ne a wurinsa. Tana da tsohon ciki Baba ya rasu, tsakiyar damina.

Da ta haihu ƴan'uwana suka ce in riƙe ta, ai ta faɗo cikin rabona. Ba su gane ba. Ba saniya nake nema ba. Da aka yaye maraƙin na sa mata igiya na kama hanya. Ta fi ni sauri, don ba ta manta gidan ba. Ta wuce kai tsaye zuwa tsohon turkenta ta tsaya tana kuka, tana duban inda yake shimfiɗa buzunsa. Na yi sallama da Fulatanci. Na daɗe a tsaye da igiya a hannu, ba wanda zan miƙa wa.