Malamar da Ta Shigo da Dawakai Aji Biyu

Kullum da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama za ta share allo ta zana doki. Zanen dai sai a hankali, wani lokaci ya fi kama da akuya mai ciwon baya. Ita kanta ba ta taɓa hawa doki ba. Amma shekara talatin da ɗaya ke nan da dawakai take koya wa yara fahimtar karatu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye alli.

Ina cikin iyayen da suka taɓa yi mata gunaguni. Autata tana ajinta, tana zuba karatu kamar rediyo, ni kuwa ina ta cika baki a wurin aiki. Sai ga takarda, wai yarinyar za ta maimaita aji domin ba ta gane abin da take karantawa. Na nufi makaranta a fusace.

"Baban Auta, zauna ka gani," in ji Malama.

Ta raba shafi guda, labarin wata goɗiya da ɗanta a bakin rafi. Dokarta ita ce a karanta jimla ɗaya, sannan a rufe ido. Aji ya yi tsit, iska na kaɗa labule, yara arba'in sun lula can cikin ciyawa, wasu har da murmushi. Ta tambaya a hankali, "Me ya hana goɗiyar shan ruwa?" Hannuwa suka tashi. Tawa ta sake rattabo jimlar da ƙarfi, ta tsaya tana raba ido. Kunya ta kama ni, tausayinta kuma ya fi kunyar.

Malama ta je wa hedimasta. "A ba ni wata biyu. Bakinta ne ya yi gaba ya bar hankalinta a baya."

Kullum in an tashi sai ta zauna da Auta, jimla bayan jimla. Wata yamma na tarar da Auta a bakin ƙofa, littafi a cinya, tana hawaye.

"Wa ya taɓa ki?"

"Baba, sun sayar da ɗan dokin. Uwar tana ta jiransa, ba ta sani ba."

Na duba shafin. "Ai ba a rubuta cewa ba ta sani ba."

"To ai ba wanda ya gaya mata!"

Ban taɓa murna da kukan ɗiyata ba sai ranar. Ta wuce zuwa aji uku tare da ƙawayenta.

Malama, ke ce mai haƙurin jiran yaro har ya iso. Ke ce kika sha zafin kanmu ba ki rama ba. Na gode, kuma ki yafe mini shigowar da na yi miki rannan ko sallama babu. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Mu kuma da ta bari, malamai da iyaye, in yaro ya kai ƙarshen shafi kada mu yi saurin tafa masa. Mu tambaye shi abin da ya gani tukuna.