Tarin da Inna Ta Yi wa Magani

Shekarun da muke bandar kifi a bakin ruwa a Yelwa, ni da Inna, akwai wani ɗan daudu mai suyar karfasa kusa da rumfarmu. Ya girme ni nesa, amma tsiya muke yi kamar sa'o'i. Har yau ban ci yajin da ya kama ƙafar nasa ba, kuma wallahi ina kewar dariyarsa.

Ba suya kaɗai ke ciyar da shi ba. Ranar kasuwa, idan fatake suka sauko, wasunsu ba kifi kawai suke nema ba. Sai ya bar mini kaskonsa ya bi su masauki. Kafin ya tafi yakan juye kodin, maganin tarin nan, cikin gorar lemo ya shanye. Ya taɓa ce mini in bai sha ba, ba ya iya kallon fuskarsu.

Wata safiya Inna ta tsinci kwalaben kodin ɗin a bayan murhu. Na tsorata, don rumfarmu ce kaɗai inda ake ba shi tabarma. In ta gane, shi ke nan.

Da ya zo, ta juya kwalba ta dube shi. "Ashe tari ka damunka, ɗana? Shi ya sa ka rame haka."

Daga ranar, kullum sai ta dafa masa citta da zuma da lemun tsami. Ta haɗa da ɗumame, wai magani ba ya zama a cikin da babu komai. Shi kuwa ɗan banza sai ya ƙaƙaro tari, ya cinye tas. Ni ina gefe ina danne dariya, ina tausayin tsohuwa da ba ta san duniya ba.

Shekara uku muna haka. Wata ranar kasuwa ya dawo daga masauki, ya kwanta gindin mangwaro da azahar, bai tashi ba. Waɗanda suka bi gawarsa ba su cika sahu ɗaya ba.

Da na ga Inna ta kasa cin abinci, na ce ta yi haƙuri, tarin ne ya ci ƙarfinsa.

"Wane tari?" ta ce. "Ban taɓa jin ya yi na gaske ba. Da na nuna na sani, kunya ba za ta bar shi ya sake zuwa cin ɗumamen ba."